Aikin Excel da Gina Shafukan Intanet Daga Gida: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Maganar "aikin dala" ta cika majalisun matasa da zaurukan WhatsApp. Wasu na cewa da kwamfuta ɗaya mutum zai yi sallama da talauci, wasu kuma na cewa duk yaudara ce. Ga abin da ya tabbata a cikin maganganun da aka fi yawo da su.

"Wata uku da fara koyo dala za ta fara shigowa." Wannan zance ne na masu tallar kwas. A dandalin Upwork da Fiverr, mai ba da aiki yana fara duba shaidar da waɗanda ka yi wa aiki a baya suka bari, sabon shiga kuwa ba shi da ko ɗaya. A Upwork sai ka kashe makin da suke kira Connects kafin ka nemi aiki, idan ya ƙare kuma da kuɗi ake saye. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki, sannan ya riƙe kuɗin sabon mai aiki kwana 14 kafin ya iya cirewa. Ana samun kuɗi, amma a sannu.

"Excel aikin sakatare ne, ba sana'a ba ce." Ƙarya ne, sai dai akwai inda zancen ya samo asali. Shigar da bayanai kawai, layi bayan layi, aiki ne mai araha domin masu yinsa sun yi yawa. Kuɗin yana wajen wanda zai sa Excel ya yi aikin da kansa: ya tace bayanan da suka cakuɗe, ya fitar da rasit, ya haɗa rahoton ƙarshen wata ba tare da an sake lissafi da hannu ba. Tun 1993 Microsoft ya sanya harshen VBA a cikin Excel saboda irin wannan, a 2023 kuma ya ƙara Python. Google Sheets na da Apps Script, wanda aka gina a kan JavaScript, harshen da shafukan intanet ke aiki da shi. Ke nan wanda ya ƙware a nan ya riga ya taka matakin farko na gina shafi.

"Sai mai digirin kwamfuta." Ba haka ba ne. Mai ba da aiki samfurin abin da ka taɓa ginawa yake son gani. Dandalin freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, yana koyar da HTML da CSS da JavaScript kyauta, gwamnatin Najeriya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa. Abin da ba makawa shi ne Turancin da zai ishe ka fahimtar buƙatar mai aiki, ka kuma rubuta masa amsa sarai.

"Ba a karɓar 'yan Najeriya, sai ka sayi asusun Bature ko ka ɓuya da VPN." Wannan ƙaryar ta fi kowace cutarwa. Tushenta PayPal ne, wanda ya shigo Najeriya a 2014 amma ya shafe shekaru yana barin mutane su tura kuɗi kawai ban da karɓa. Upwork da Fiverr kuwa suna yi wa 'yan Najeriya rajista da sunansu, ana kuma cire kuɗi ta Payoneer. Dandalin Upwork na neman katin shaida, wani lokaci har da kiran bidiyo. Ranar da aka gano asusun aro ne, za a rufe shi, sunan da aka daɗe ana ginawa ya tafi a banza.

"Ƙirƙirarriyar basira ta kashe sana'ar." Rabin gaskiya ne. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ƙananan ayyuka irin su rubuta dabarar lissafi ɗaya sun rage daraja. Amma na'urar na yin kuskure, kuma ba ita za ta zauna da ɗan kasuwa ta gano inda lissafinsa yake yoyo ba. Wanda ya iya duba abin da ta rubuta ya gyara, yana nan da kasuwarsa.

"Ka biya kuɗin rajista a ba ka aiki." Damfara ce tsagwaronta. Duk wanda ya ce ku koma Telegram, sannan ya nemi ka tura kuɗi kafin a fara, ka rabu da shi.

Sana'ar gaskiya ce, amma sai an koye ta kamar kowace sana'a. Mai son farawa kada ya raina na kusa: makarantar unguwa mai neman tsarin fitar da sakamakon ɗalibai, kantin magani mai son lissafin kaya, dilan atamfa a Kantin Kwari. Ka yi musu aiki mai kyau, ka ajiye samfurinsa, sannan ka nufi kasuwar waje da sunanka na gaskiya.