Katin Shaidar Ɗalibai a Wunti: Hanyoyi Biyu Tsakanin Excel da CorelDRAW

Da makarantu sun koma hutu, masu shagunan ɗab'i na kewayen Kasuwar Wunti kan karɓi aiki iri ɗaya: sunayen ɗalibai a Excel, hotunansu a filas, ana son katin shaida kafin Litinin. A CorelDRAW ake zana katin. Abin da ya rage shi ne yadda sunayen za su hau zanen.

Hanya ta farko ita ce a bar kowace manhaja a muhallinta. A fitar da jerin daga Excel, a miƙa wa Print Merge na Corel, ya zuba suna da lamba a gurabensu. Ta biyu kuwa, daga cikin Excel ake tuƙa Corel. Excel na da yaren umarni mai suna VBA tun 1993, da shi ake kiran Corel ya buɗe zanen, ya ɗauki suna daga layi na farko, ya ɗora hoton mai sunan, ya adana, ya wuce na gaba.

Ta farko ba ta neman ilimin rubuta umarni. Yaron shago zai iya ta a yini guda. Sai dai a tsofaffin fitowa irin X7 ta 2014, rubutu da lamba kawai take zubawa. Hoto sai da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne gajiya ke sa fuskar wata ta faɗa kan sunan wata.

Ta biyu ta kawar da wannan wahala, har ta iya rage girman rubutu idan suna ya yi tsawo. Amma tana da nata kuɗin. Dole akwai wanda ya rubuta umarnin, kuma ranar da ya bar shagon, gyara ya tsaya. Sauya fitowar Corel na iya tsinke haɗin. In an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sai an bincika inda aka tsaya. Allon rubuta umarnin ma ba ya nuna ƙ da ɗ da ɓ daidai, ko da yake sunan da ke cikin jerin yakan wuce lafiya muddin salon haruffan katin na ɗauke da su.

Ga katin gayyatar biki ko takardar shaida marar hoto, Print Merge ya wadatar. Shagon da ke yi wa makarantu katin hoto kowace shekara kuwa, ya koyi ta biyun, kuma mutum biyu su san umarnin.