Daga Rumfar Dila Zuwa Allon Waya: Marubucin Tambuwal da Kebbe da Nauyin Tallan Littafinsa

Duk wanda ya rubuta littafin Hausa a wannan zamani, a Tambuwal yake zaune ko a Kebbe, ya san ranar da ya ajiye alƙalami ita ce ranar da wani sabon aiki ke soma masa. Shi zai nemo mai karatu, shi zai yi ciniki, shi zai karɓi kuɗi, shi kuma zai bi sawun wanda ya kwashe masa aiki. Yawancin marubutanmu ba su da kamfanin ɗab'i a bayansu, kuma dilan da aka saba jingina da shi a da ya janye jiki. Wannan sauyi ya kawo riba, ya kuma zo da asarar da ba a cika lissafa ta ba.

Ba yau marubucin Hausa ya fara buga wa kansa littafi ba. Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ne babbar ƙofar da ake bi, kuma gasarsa ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, sai manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, inda kuɗi yake da tabbas. Matasa suka ɗauki rubutunsu suka nufi ƙananan maɗaba'u. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya cika gari a farkon shekarun 1990.

Abin da ya kamata marubucin yau ya duba a wancan zamani shi ne dabarar sayarwa. Ana raba labari gida biyu ko uku, a yanke shi daidai inda ran mai karatu ya rataya, don ya dawo neman na gaba. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya sun sa littafin mutum ɗaya yana yi wa na 'yan'uwansa talla, domin wanda ya sayi ɗaya zai ga sunayen sauran a cikinsa. Diloli a kasuwar Sabon Gari ta Kano su ke rarraba kaya zuwa garuruwa, masu ba da haya su kai littafi har cikin gidajen aure, gidajen rediyo kuma su karanta wa wanda bai iya boko ba. Ba tsari ne marar aibu ba. Sau da yawa dila kan karɓi kaya bashi, marubuci ya yi ta zarya kafin ya ga kuɗinsa. Ga mutumin kudancin Sakkwato kuwa, ƙofar tana da nisa ainun. Littattafai na zuwa mana a matsayin masu saye, amma wanda yake son nasa ya shiga kasuwa sai ya yi tafiyar yini guda ta Gusau da Funtuwa, ya nemi wanda zai tsaya masa a Kano.

Finafinan bidiyo sun janye marubuta da masu karatu da dama tun shekarun 1990. Farfesa Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano, yana koyarwa a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato lokacin da ya yi hasashen mutuwar wannan adabi, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka ja da shi a jaridu. Sai ga ƙona littattafai a Kano a 2007 da matsin hukumar tace finafinai da ɗab'i a kan marubuta. Amma abin da ya karya kasuwar takarda na gaske shi ne tsada da kuma waya. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa ciyar da ƙasar nan, ana dogaro da ta waje, don haka da aka saki naira a 2023, kuɗin buga littafi ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari.

Tsarin da ya maye gurbin wancan kowa ya san shi. Marubuciya, kuma mata ne suka fi yawa a fagen, za ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. In labari ya kama mutane, sai ta tsaya, ta ba da lambar asusu. Mai so ya tura 'yan ɗaruruwan naira, ya aiko da shaidar biya, a sa shi cikin zauren waɗanda suka biya. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya taimaka ba da niyya ba, domin ya koya wa mutanen karkara tura kuɗi ta OPay da Moniepoint da masu POS. Yau matar aure a Dogon Daji ko ɗalibi a Kuchi na iya sayar wa mai karatu a Maraɗi ko Jidda ko Kumasi, ba tare da ya sayi bandir ɗaya na takarda ba. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma ina ganin mutanen nesa da Kano su suka fi kowa cin moriyarsa.

Sai dai akwai farashin da ake biya. Na farko lokaci ne. Wadda ke amsa saƙon masu saye tun safe, tana duba shigar kuɗi, tana rarrashin masu ƙorafin jinkiri, yaushe za ta zauna ta yi tunanin labarinta? Ga shi zaure na jiran sabon shafi kullum. Abin da aka rubuta da hantsi ana sakin sa da la'asar, babu mai dubawa, babu gyaran ƙa'idar rubutu, babu damar komawa baya a ɗinke inda zaren labari ya tsinke. Masu sharhi a zaure kan karkatar da alƙalami: in sun ce a kashe kishiya, sai a kashe ta, in sun ce a ƙara tsawo, sai a ja labarin da ya isa ƙarewa. Talla ta shiga cikin rubutun kanta ta zauna. Daga nan ne batsa ta samu ƙofa, domin a kasuwar da kowa ke ihu lokaci ɗaya, wasu sun ga ita ce hanya mafi sauri ta jawo ido. Tana kawo ciniki na ɗan lokaci, amma tana zubar da mutuncin sana'ar baki ɗaya, har uba ya hana 'yarsa karanta ko da littafi mai tsafta. A gari irin Tambuwal, inda kowa ya san gidan kowa, wannan tabo ya fi nauyi.

Sata kuma ta zama ruwan dare. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, ya watsa a zauruka goma. Wasu shafukan intanet na tara littattafan mutane suna cin kuɗin talla da su, wasu masu tashoshin YouTube na karantawa ba tare da izini ba. Shi ya sa za ka ga marubuciya ta buɗe shafi da Allah ya isa kafin ta shiga labari. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi yadda za a sa a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. To amma wa zai bar Kebbe ya je Babbar Kotun Tarayya a kan littafin naira ɗari biyar? Manhajoji irin su ArewaBooks sun rage matsalar, tun da a cikinsu ake karatu. Duk da haka rufe OkadaBooks a watan Nuwamba na 2023, bayan shekara goma tana aiki, ya nuna cewa wanda ya tara masu karatunsa a gidan wani, ranar da aka rufe gidan zai rasa su.

A yankinmu akwai ƙarin cikas. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Tambuwal na ciki. Duk wanda kasuwarsa ke cikin waya kaɗai, a lokacin rumfarsa a rufe take. A farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data. Ga wuta da ba ta tsayawa, ga ɗimbin mata da manoma da ke son labari amma karatun boko bai zauna musu ba.

Saboda haka nake ganin kwaikwayon Kano ido rufe ba zai fisshe mu ba. Mai karatun wannan yanki da kunne ya fi karɓar saƙo, kuma daga hannun wanda ya yarda da shi. Ƙasar nan ta san haka tun ƙarni na 19, lokacin da Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, matan da ake kira jaji suna ɗaukar waƙoƙinta na ilimi suna kai wa matan ƙauyuka. Ba ciniki take yi ba, amma ta warware matsalar da ke damun marubucin yau: yadda rubutu zai kai ga wanda ba zai zo ya neme shi ba. Marubucin da ya naɗi littafinsa da murya mai kyau, ya yi yarjejeniya da masu cajin waya da ke tura wa mutane waƙa da fim a katin waya, ya ba su kasonsu, ya shiga gidajen da WhatsApp bai kai ba. Haka kuma takarda ba ta mutu ba. Dubi tabarmar masu sayar da littattafan addini a ƙofar masallacin Juma'a. Tambuwal na kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, matafiya na ratsa ta dare da rana. Kwafi kaɗan da aka buga bayan an karɓi kuɗin masu so, a ajiye a tasha da shagon kayan makaranta, sun fi dubu da aka ci bashi aka buga suna shan ƙura.

Bikin ƙaddamarwa da ake gayyato 'yan siyasa kuwa yana iya mayar da kuɗin bugu, in alkawuran sun cika, amma ba ya haifar da mai karatu. Shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, domin sunan da aka karanta a rediyo yana daɗewa a kunnen mutane.

Akwai kuma hajar da muke da ita muke rainawa. Littattafai da yawa na yanzu a gidajen Abuja da Dubai suke faruwa, da bakin Kano. Labarin fadama da noman rani, da matar da rashin tsaro ya raba da ƙauyenta, da zaman Hausawa da Fulani, cikin daɗin Sakkwatanci, kusan babu mai rubuta shi, alhali shi ne abin da ba wanda zai iya sayarwa sai mu.

Kirana ga marubutan Tambuwal da Kebbe shi ne su daina ɗaukar wannan kaya ɗaiɗai. Ku haɗu ko ku biyar ne, ku ɗauki mai gyaran rubutu ɗaya, mai karanta murya ɗaya, da amintacce ɗaya da zai riƙe lambobin masu saye da lissafin kuɗi, kowane littafi ya ɗauki sunayen na sauran kamar yadda Raina Kama ta yi. Kuma kada kowa ya saki shafin farko sai ya gama rubuta na ƙarshe.