Idan Shafin Biyan Kuɗi Ya Tsaya, Kada A Yi Gaggawar Sake Dannawa

Daga wakilinmu a Duwala

Duk wanda ya san harkar kaya a Duwala ya san cewa takarda ta ja baya. Tun da aka buɗe ofishin GUCE a shekarar 2000 domin tattara takardun shige da fice wuri guda, aiki yake ta komawa kan kwamfuta, har duwan ta koma amfani da tsarin CAMCIS a 2020. Yau ɗan kasuwar da ke jiran kaya a Kusiri ko Garwa-Bulai, rabin cinikinsa a cikin waya yake.

To amma akwai ranar da na'ura ke yin tutsu. Kwanakin baya a wani shagon intanet da ke unguwar Hausawa ta New Bell, na tarar da wani dattijo mai safarar albasa yana biyan kuɗi a shafin wani kamfanin jigila da ba zan ambaci sunansa ba. Yana danna maɓallin biya, sai allo ya cika da rubutun da ko yaron shagon bai gane kansa ba. Ya ce, "Kai yaro, sake dannawa." Yaron ya ce, "Baba Alhaji, mu dakata tukuna." Bai saurara ba. Kafin La'asar saƙo biyu suka shigo wayarsa, an cire kuɗin har sau biyu.

Abin da ke faruwa shi ne, idan ka danna, buƙatarka tana tafiya wurin babbar kwamfutar kamfanin, ita ce ke duba rajista, ta tuntuɓi banki ko kamfanin waya, sannan ta dawo maka da amsa. Ko'ina a wannan hanya ana iya samun tangarɗa. Aikin wanda ya tsara shafin ne ya tare ta, ya ajiye bayaninta a wurin da ma'aikata kaɗai ke gani, kai kuma ya nuna maka shafi mai sauƙi da zai ce maka an cire kuɗi ko ba a cire ba, da lambar da za ka kai ƙorafi da ita. Wanda ya bar wancan tarkacen rubutu ya fito fili ya yi sakaci biyu: ya ruɗa mai biya, ya kuma nuna wa ɓarayin intanet yadda cikin gidansa yake.

Lambobin da ke fitowa suna da ma'ana. 404 na nufin ba a ga shafin ba, ko dai adireshin da kuskure ko an ɗauke shi. 500 matsala ce ta cikin na'urarsu, ba laifinka ba ne. 503 kuwa cunkoso ne ko gyara. Wadda ni na fi tsoro ita ce 504, domin tana nufin an jira amsa daga wata na'urar ba ta zo a kan lokaci ba, kuma mai yiwuwa kuɗin sun riga sun wuce, amsar ce kawai ta maƙale a hanya.

Wannan daban yake da yankewar layi, irin wadda aka gani ranar 14 ga Maris 2024 lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Kamaru. A irin wannan hali ba lambar da za ka gani, wayarka ce da kanta ke cewa ta kasa isa.

Saboda haka idan abin ya same ka, ɗauki hoton allon yadda lokaci zai fito a ciki, ka duba saƙonnin waya da ragowar kuɗinka kafin ka sake taɓa komai. Shi dai Alhajin namu sai da ya yi sintirin kwana tara tsakanin New Bell da Akwa kafin a maido masa da kuɗinsa, kuma abin da aka fara tambayarsa a ofishin shi ne lambar biya ta farko.