Zanen Gidajen Birni, Gadon Damagaram

Duk mai son kallon zane a Damagaram, ba sai ya nemi ɗakin nuni ba. Ya ratsa unguwar Birni, kewayen fadar sarki, inda magina suka ƙawata fuskokin zauruka da dagi da zanko. Garin da ya riƙe mulkin Nijar har shekarar 1926 bai yar da wannan ado ba. A 2006 gwamnati ta miƙa wa UNESCO sunan Birni da fadar, tana neman a sa su cikin gadon duniya. Amma damina tana cin bangon ƙasa, siminti kuma yana maye gurbinsa. In samari ba su karɓi sana'ar daga hannun tsofaffin magina ba, wa zai sake yaɓe? Ya kamata hukuma da masu gidaje su tashi tun bango bai faɗi ba.