KIWON LAFIYA: Macen da ta yi ciwon daji na jakar ƙwai, sau nawa za a duba nononta?

Yau zancenmu na mata ne. Amma maigida ma ya saurara, don shi ke ba da izinin zuwa gidan likita, sau da yawa kuma shi ke biyan kuɗin mota.

Akwai macen da ciwon daji ya kama a cikin mara. Aka kai ta babban asibiti, aka yi mata aiki, aka yi wata da watanni ana ɗura mata magani. Allah ya ba ta sauƙi, ta komo gida. Dangi suka zo barka, kowa ya ce wahala ta ƙare. Mun gode Allah. Amma da sauran aiki guda: a dinga duba nononta a kan lokaci. Ga dalili, ga kuma lokutan.

MI CE CE JAKAR ƘWAI?

Kowace mace tana da jakar ƙwai biyu a cikin mararta, ɗaya dama da mahaifa, ɗaya hagu. Kowace ba ta wuce girman dabino guda ba. A cikinta ƙwan haihuwa ke nuna. Ita ce kuma ke fitar da sinadarin da ke sa mace al'ada. A takardar likita, da Faransanci, za ku ga an rubuta sunanta "ovaire".

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Idan wasu ƙwayoyin suka lalace, suka yi ta hayayyafa ba tsari, sai su zama ƙari mai cin jiki. Shi ne ciwon daji. Wasu suna ce masa sankara, wasu kansa. Ba sammu ba ne, ba aikin maye ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wajen cin tuwo tare.

A ƙasarmu Nijar, ciwon daji na nono shi ya fi kama mata. Na bakin mahaifa da na jakar ƙwai suna biye da shi.

A lura da abu biyu. Na bakin mahaifa dabam yake, ba shi muke zance ba. Kuma ba kowane aikin jakar ƙwai ne na ciwon daji ba. Wani lokaci ƙari ne mai ruwa kawai. Mace ta tambayi likitan da ya yi mata aiki, ya faɗa mata sarai abin da aka samu.

MI YA HAƊA MARA DA NONO?

Gado ne ya haɗa su.

A cikin ƙwayoyin jikin kowa akwai masu gyara, kamar magina masu yaɓe katanga in ta tsage. Masana sun gano biyu daga cikinsu, ɗaya a 1994, ɗaya a 1995. Suka sa musu suna BRCA1 da BRCA2. Kowane mutum yana samun kowannensu sau biyu: ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wani akan haife shi ɗayan ya zo a lalace. Saura guda ke nan yana aikin biyu. In shi ma ya gaza, ɓarna ba ta da mai gyara. A jikin mace, inda wannan lahani ya fi yin ɓarna shi ne nono da jakar ƙwai.

Ga abin da bincike ya nuna, galibi a Turai da Amurka:

- Cikin mata 100 da suka yi ciwon daji na jakar ƙwai, kamar 15 gadon wannan lahani suka yi.
- Cikin mata 100 da suka gaji lahanin, fiye da 60 sukan yi ciwon daji na nono a tsawon rayuwarsu. A Amurka, in an haɗa dukan mata, kamar 13 ne cikin 100.
- Duk mai ɗauke da lahanin, mace ko namiji, kowane ɗa ko ɗiya da ya haifa yana iya gadonsa, yana iya kuɓuta. Rabi da rabi ne.

Kada wannan ya tayar da hankali. Macen da aka riga aka cire wa jakar ƙwai, aka yi mata magani, haɗarinta ya ragu. Ko ta gaji lahanin, a shekara 10 na farko bayan ciwon mara kamar mace 1 cikin 10 ce ke yin na nono. Haɗarin ya ragu, amma bai tafi ba. Shi ya sa ake sa ido.

Akwai awon jini da ke nuna ko mace ta gaji lahanin. Likitoci suna son a yi wa matan da suka yi wannan ciwo. Sai dai yana da tsada, kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Inda bai samu ba, likita yakan dubi irin ciwon da mace ta yi, da labarin gidansu.

TO, SAU NAWA?

Dubawa iri uku ce.

1. Kowane wata, mace ta duba kanta. Sauran mata suna yi bayan sun gama al'ada da ƴan kwanaki. Wadda aka cire wa jakar ƙwai duka biyu ba ta ƙara ganin al'ada. To, ta sa wa kanta rana. Mafi sauƙi, duk ran da aka ga sabon wata.

2. Kowane wata 6, ungozomar asibiti ko likita ya duba ta da hannu. Wannan ba ya bukatar wata tafiya ta dabam. Bayan maganin ciwon mara, likita yakan kira mace kamar kowane wata 3 a shekara 2 na farko. Daga nan sai a rage, wata 3 zuwa 6, har shekara 5 ta cika. Bayan haka, sau ɗaya a shekara. Duk ran da ta je, ta buɗe baki ta ce: "A duba mini nono ma." In zuwan ya koma shekara-shekara, sai ta cike tsakani a gidan likita na kusa.

3. Hoton nono. Sunansa mamogarafi. Na'ura ce ke matse nono na ɗan lokaci, ta ɗauki hoton cikinsa. Tana iya ganin ƙarin da hannu bai kai ga ji ba. A nan mata sun kasu uku:

- Wadda awo ya nuna ta gaji lahanin: hoto kowace shekara, tun daga shekara 30 da haihuwa. Inda akwai hali, ana haɗawa da wani hoto mai suna IRM, shi ma kowace shekara. Inda babu, likita yakan ƙara da eko, irin na'urar da ake duba mai ciki da ita.
- Wadda awo ya nuna ba ta gada ba, kuma babu ciwon a gidansu: ta bi sahun sauran mata. Hukumar lafiya ta duniya ta ce hoto kowace shekara 2, daga shekara 50 zuwa 69, inda akwai kayan aiki. A Faransa 50 zuwa 74 ne. A Amurka, tun 2024, daga 40 zuwa 74.
- Wadda ba a yi wa awo ba: likita ne zai yanke. In akwai masu ciwon a dangi, akan bi da ita kamar wadda ta gada, wato kowace shekara.

Idan mace tana cikin maganin ciwon mara, ko ciwon ya komo, shi ne kan gaba. Likita yana iya ɗage hoton nono sai ta samu ƙarfi.

YADDA MACE ZA TA DUBA KANTA

Ta samu wuri mai haske, ta tuɓe riga. Ta dubi nonon biyu, hannuwa a ƙasa, sannan ta ɗaga su sama ta sake dubawa. Sai ta kwanta rigingine, ta sa hannun dama ƙarƙashin kai. Da cikin yatsu uku na hannun hagu ta bi nonon dama tana dannawa a hankali, tana kewayawa, har cikin hamata. Sannan ta sake hannu ta yi wa ɗayan.

Ga abin da take nema:

- ƙullutu a nono ko a hamata, ko da ba ya zafi;
- fata ta loɓa, ko ta yi kauri da ramuka kamar ɓawon lemu;
- kan nono ya shige ciki, alhali da ba haka yake ba;
- jini ko wani ruwa yana fita daga kan nono;
- nono ɗaya ya kumbura ko ya sake kama;
- gyambon da ya ƙi warkewa.

Ƙullutun ciwon daji yakan fara ba zafi. Wannan shi ke yaudarar mata, su ce ai ba kome. In an ga ɗaya daga cikin alamun nan, ba a jiran wata 6, ba a jiran shekara. A tafi gidan likita cikin satin nan. Yawancin ƙullutu, har 9 cikin 10, ba na daji ba ne. Amma awo ne kaɗai ke rarrabewa. Hukumar lafiya ta duniya tana son a gama dukan awo, a san ko mine ne, cikin kwana 60 daga zuwan farko.

Kada a bari wanzami ya tsaga. Kada a yi lalas, kada a ɗaura magani a zauna jira. Lokacin da aka ɓata, shi ciwon ke ci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ƊIYA DA ƳAN'UWA

Tun da abin gado ne, bai tsaya ga mace ɗaya ba. Kafin a je wurin likita, a zauna da tsofaffin gida a tambaye su. Wa ta yi ciwon nono? Wa ta rasu da kumburin ciki da ba a gane kansa ba? Tana da shekara nawa? A lissafa dangin uwa, a lissafa dangin uba: kaka, inna, gwaggo, ya da ƙanwa. Mutane sukan manta da dangin uba, alhali uba yana ba da wannan gado daidai da uwa. A faɗi maza ma, don namiji yana yin ciwon daji na nono, ko da yake ba kasafai ba.

A gidan da lahanin yake, ɗiya da ƙanne mata su san jikinsu tun suna ƴanmata. Daga shekara 25 a fara duba su da hannu, kowane wata 6 ko kowace shekara, yadda likita ya ce. Wannan ba abin gori ba ne, ba kuma dalilin fasa aure ba ne. Babu wanda ya zaɓi abin da zai gada.

INA ZA A JE?

A fara da gidan likita na kusa. Su za su ba da takarda zuwa asibitin gunduma, ko babban asibiti na Maraɗi, Damagaram ko Tawa. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai matanite Isaka Gazobi a Yamai, da cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, wadda ta fara gashin ciwo da na'ura a 2021. A 2007 gwamnati ta fitar da doka ta ɗauke wa mata kuɗin maganin ciwon daji irin nasu. A tambayi ma'aikatan asibiti abin da za a biya da wanda ba za a biya ba, tun kafin a bar gida.

Kuɗin mota da guzuri suna wuyan gida. Ga dabara: a sa hoton shekara ya faɗo bayan kaka, an gama aikin gona, hatsi ya shiga rumbu. Maigida ya ware kuɗin tun ran da ya sayar da wake ko gyaɗa. Mata masu adashi su ba ƴar'uwarsu kwasa a wannan lokaci. A riƙe karne da dukan tsofaffin hotuna cikin leda, a tafi da su, don likita yana gwada na bana da na bara.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Sabon wata: mace ta duba kanta.
Wata 6: a duba ta da hannu a gidan likita.
Shekara 1 ko 2, yadda likita ya yanke: hoto.
An ga alama: a tafi nan da nan.

Ku da kuka koyi karatu da rubutu, ga inda iliminku zai yi amfani. Ku rubuta ranar komawa asibiti a bayan karne. Ku karanta wa matan gidanku wannan shafi, da maƙwabta waɗanda ba su samu zuwa makaranta ba. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.