Tukwanen Gas a Wuraren Aiki: Yadda Ake Riƙonsu da Ajiye Su, Bisa Misalin Ƙasar Kuyello

Garin Kuyello yana gabashin ƙasar Birnin Gwari ne, can wajen iyakar Jihar Kaduna da ta Katsina, kuma noma shi ne abin da yawancin mutanensa suka dogara a kai. Wanda bai san karkara ba sai ya zaci maganar tukwanen gas magana ce ta manyan masana'antun Kakuri da Bompai. Amma fa duk inda ake noma da garma, ake niƙa da inji, ake sufuri da babur da a-kori-kura, to ƙarfe zai karye, kuma sai an nemi mai walda. Duk inda ake jinyar yaro mai ciwon haƙarƙari sai an bukaci iskar oksijin. Mai shayi da mai abinci kuwa, da yawansu sun koma dafuwa da gas. Tukwanen da ke Kaduna su ne a Kuyello, da ƙarfinsu da haɗarinsu, sai dai a nan sun yi doguwar tafiya kafin su iso, kuma in abu ya ɓaci motar kashe gobara ba kusa take ba. Saboda haka kariyar ma'aikaci a irin wannan wuri ta rataya ne kusan gaba ɗaya a kan yadda ya ajiye tukunyar da yadda ya taɓa ta.

Abin da ke cikin tukunya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar tukwanen duka a matsayin abu guda, watau "gas". Alhali iri uku da aka fi gani a wuraren aiki kowanne da halinsa, kuma dabarar da ta dace da wani tana iya zama ajalin mai amfani da wani.

Doguwar tukunyar oksijin iska ce zalla aka danna a cikinta. Matsin da ke cikin tayar ƙaramar mota bai wuce ma'auni 2 da ɗan ɗori ba, a ma'aunin da masana ke kira "ba". Na cikakkiyar tukunyar oksijin kuwa yakan kai 150 zuwa 200. Iskar da za ta cika lita dubu 7 ko fiye ce aka tura cikin ƙarfen da bai ɗauki lita 50 ba. Jikin tukunyar yana da kauri, amma bawul ɗin da ke kanta siriri ne, kuma shi kaɗai ya tsare wannan ƙarfi duka. In tukunya ta faɗi bawul ya guntule, sai ta yi tsalle ta tafi kamar harsashi, ta iya ratsa bangon bulo, ga kuma nauyinta da ya kai na ƙaton mutum. Wannan ne dalilin hular ƙarfen da ake murɗawa a kanta. Abin takaici, hular ce farkon abin da ke ɓata a gareji, har akan same ta an mai da ita mazubin notina.

Oksijin ba ya kama wuta da kansa, sai dai yana sa komai ya kama. A iskar da ake shaƙa kashi 21 bisa ɗari ne oksijin. Da zarar ya ƙaru da kashi 3 ko 4 kawai a cikin ɗaki, tufafi da katifa da gashi sai su ci wuta da saurin da ba a iya kashewa. Mai da giris kuwa suna iya kamawa ba tare da ashana ba in suka haɗu da oksijin mai matsi. Makanike ya saba shafa baƙin mai a duk notin da ya cije, kuma a ko'ina wannan dabara ce mai kyau, ban da nan. Sabo, in ji Bahaushe, turken wawa ne. Haka nan yaron shago da ke kaɗe ƙurar rigarsa da iskar tukunya don jin sanyi, ya cika zaren rigar da oksijin ke nan, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A watan Afrilu na 2021 tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib na birnin Bagadaza, inda ake jinyar masu cutar korona, gobarar da ta biyo baya ta hallaka mutum fiye da 80.

Asitilin, abokin oksijin a wajen walda, shi ne ya fi kowanne wuyar sha'ani. Iska ce da ba ta jure matsi: in aka danna ta ita kaɗai ta haura ma'auni 1 da ɗan abu, tana iya tarwatsewa da kanta ko da babu iskar waje. A ƙarshen ƙarni na 19 ne masana a Faransa suka gano cewa tana narkewa a cikin wani ruwa mai suna asiton, kamar yadda sukari ke narkewa a shayi. Shi ya sa tukunyar asitilin ba fanko ba ce: cike take da wani abu mai ƙofofi kamar soso, wanda aka jiƙa da asiton. Gustaf Dalen na ƙasar Suwidin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kyautata wannan fasaha, ya rasa idanunsa a 1912 sa'ad da tukunya ta fashe yana cikin gwaji, kuma a shekarar ce aka ba shi lambar Nobel. In wanda ya san abin ciki da bai ya gamu da haka, ina ga wanda ya gaji sana'ar da ido kawai?

Daga wannan gini ne ƙa'idodinta suka fito. A tsaye ake ajiye ta, a tsaye ake aiki da ita. In an kawo ta kwance a bayan mota, sai a tsayar da ita ta huta na wasu sa'o'i kafin a buɗe, don kada asiton ya biyo tiyo. Ba a haɗa mata bututun jan ƙarfe, domin asitilin da jan ƙarfe suna haifar da wani gari mai fashewa in an buge shi. In kuwa wuta ta koma ciki ta tiyo, ko aka ji wani gefen tukunyar ya yi zafi, to tana iya ci gaba da dahuwa a ciki alhali a waje ba a ganin komai. Ba a ɗaukarta, ba a jijjiga ta. A kan watsa mata ruwa daga nesa, daga bayan abin kariya. A Ingila ma'aikatan kashe gobara sukan fara da janye jama'a har mita 200 daga irin wannan tukunya.

Gaskiyar magana ita ce, a garuruwa irin Kuyello mai gyaran jikin mota ba safai yake sayen tukunyar asitilin ba. Kabayid yake saye, ya jefa a wata 'yar tankin da aka ƙera a gida, ya zuba ruwa, iskar ta taso. Irin wannan tanki galibi ba shi da abin da zai saki matsi in ya yi yawa, ba shi kuma da abin tare wuta in ta komo. Ga mai wannan sana'a, na'urar tare wuta da ake ɗaurawa a bakin tiyo ta fi kowane kayan aiki muhimmanci, kuma kabayid ɗin a gwangwani mai murfi ya kamata ya zauna, nesa da danshin damina.

Gas ɗin girki shi kuma ruwa ne a cikin tukunya. In aka girgiza za a ji motsinsa. Lita guda ta wannan ruwa tana zama iska wajen lita 250. Iskar ta fi wadda ake shaƙa nauyi, don haka ba ta tashi sama, sai ta malala a ƙasa ta bi kwata da rami da ƙarƙashin ƙofa, ta tarar da murhun maƙwabci. Kashi 2 bisa ɗari kacal a cikin iskar ɗaki ya isa ta kama. Asalinta ba ta da wari, kamfani ne ke zuba mata wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya yi gargaɗi.

Ruwan gas yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha sau goma da wani abu. Shi ya sa ba a cika tukunya fiye da kashi 80 zuwa 85 bisa ɗari, a bar masa wurin miƙewa. Mai sayarwa da ke juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama ba tare da sikeli ba, ya cika ta fal da sanyin safiya don ya faranta wa mai saye, bai yi masa alheri ba. In ranar watan Afrilu ta take, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, ruwan ba shi da inda zai je sai ya nemi mafita ta ƙarfi.

Ran 4 ga Janairu 2020 wani shagon sayar da gas ya yi bindiga a Sabon Tasha, Kaduna. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, wanda ba shi da wata alaƙa da shagon illa kusanci a wannan sa'a. Bayan haka ne Gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da umurnin rufe wuraren ɗura gas da ke tsakiyar gidajen jama'a.

Akwai iri na huɗu da ya shafi ma'aikatan Hukumar Ruwa, watau kilorin. Ba ya kama wuta, guba ne, kuma ya ninka iska nauyi sau biyu da rabi. A watan Yuli na 2015 tukunyarsa ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo a Jos, mutum 8 suka rasu, aka kwantar da kimanin 100. In ya zubo, tudu ake nufa, ana fuskantar inda iska ke fitowa.

Hanya da sito

Babu inda ake cika tukunyar oksijin a ƙauye. Daga manyan birane ake kawo ta, kuma tsakanin Kaduna da garin Birnin Gwari kaɗai ya haura kilomita 100, kafin a ɗauki hanyar ƙauyuka. A shekarun da rashin tsaro ya addabi hanyoyin dajin, samun canjin tukunya ya zama aiki, sai kowa ya riƙe wadda ya samu ko da ta tsufa. A kan irin wannan hanya ne tukunya ta fi shan wuya: a ɗaura ta kwance a bayan babur, bawul ya leƙo waje, ko a cusa ta cikin but ɗin tasi tare da jarkar fetur. Abin da ya dace shi ne buɗaɗɗiyar mota, tukunya a tsaye, a ɗaure, da hularta, an cire na'urar rage matsi. Wajen saukewa ba a jefo ta kan taya, ba a kuma ɗaga ta ta hula. A tsakar gareji a tura ta a kan amalanke mai sarƙa.

Sito kuwa ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Rumfa ce mai inuwa, iska na ratsa ta sama da ƙasa, daɓenta busasshe don kada gindin tukunya ya yi tsatsa, da sarƙa a bango wadda za ta riƙe kowace tukunya a sama da tsakiyarta. Kwantenar ƙarfe da aka kulle a rana ba sito ba ce, domin zafin cikinta yana iya wuce digiri 50, iyakar da aka yarda tukunya ta kai. Ana raba oksijin da masu kama wuta: dokar Amurka ta ce ƙafa 20, watau wajen mita 6, ko kuwa a gina bango mai tsawon ƙafa 5 wanda ba ya cin wuta a tsakaninsu. Ana kuma raba cikakku da waɗanda suka ƙare, a rubuta musu da alli. Wadda ta ƙare ɗin ma da sauran iska a cikinta, a rufe bawul ɗinta kamar cikakkiya. A ofisoshin gwamnati an fi samun tukwane a ƙarƙashin matakala, ko ɗaki guda da janareta da tsofaffin fayiloli, don nan ne ke da kwaɗo. Tsoron ɓarawo ya sa an kai su inda suka fi haɗari.

Launi ba abin dogara ba ne. Bisa al'adar da aka gada daga Ingila, oksijin na walda baƙi ne, asitilin kuma ja mai duhu, na asibiti yana da farar kafaɗa. Amma fenti yana goguwa, kuma kowa na iya sake shi. Rubutun da ke jiki shi ne shaida. Wata kariyar ita ce notin iska mai kama wuta hagu ake murɗa shi, na oksijin dama, don kada a haɗa su bisa kuskure. In na'ura ta ƙi shiga, ba sifana mai tsawo ake nema ba, na'urar ce ba tata ba. Ana buɗe bawul a hankali, mutum na tsaye a gefe, ba a gaban agogon na'urar ba, domin buɗewar gaggawa tana haifar da zafi nan take. Yoyo kuma da ruwan sabulu ake nemansa.

Doka da mai tsaron sito

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai wurin aiki alhakin lafiyar ma'aikatansa, ta kuma ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ikon dubawa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wadda aka kafa a 1971, ta ƙayyade wa tukunyar gas ɗin girki shekara 15, tare da sake gwada ta duk bayan shekara 5. Lasisin sayar da gas, tun bayan Dokar Man Fetur ta 2021, yana hannun hukumar da ta gaji tsohon Sashen Albarkatun Man Fetur. Dokokin ba su da laifi, sai dai da masana'anta mai ƙofa da rajista aka tsara su, ba da rumfar bakin kasuwa ba.

Gwajin kansa da ruwa ake yi. A cika tukunya da ruwa, a danna shi har matsin ya ninka na aiki sau ɗaya da rabi, a auna yadda ƙarfen ya buɗe da yadda ya koma. An zaɓi ruwa ne domin ba ya dannuwa, in tukunyar ta gaza sai ta tsage kawai ba tare da bindiga ba. Wadda ta ci gwajin a kan buga mata wata da shekara a kafaɗa, kusa da lambarta da nauyinta na fanko.

Wannan tambari shi ne abin da jami'in sito a asibiti ko Sashen Ayyuka na Ƙaramar Hukuma zai iya dubawa ba tare da wani kayan aiki ba. Kafin ya sa hannu a takardar karɓar kaya, sai ya karanta shekarar, ya duba gindi ko akwai tsatsa mai zurfi, ya duba jiki ko akwai lotsawa ko alamar ƙuna ko wurin da aka yi wa walda, ya rubuta lambar a littafinsa tare da ranar shigowa. Tukunyar da aka kankare lambarta, ko wadda ta zo babu hula, sai ta koma a motar da ta kawo ta.