Sanƙarau da Bazara, Kwalara da Damina

Duk wanda ya girma a ƙasar Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya sha jin dattawa suna cewa zafi ne yake kawo sanƙarau. Sun lura daidai, domin cutar takan tsananta a watannin Maris da Afrilu, ta lafa da zarar ruwa ya sauka. Sai dai zafi ba ya haifar da ƙwayar cuta. Hanya kawai yake share mata.

Ƙwayar sanƙarau, wadda masana suke kira Neisseria meningitidis, tana zaune a maƙogwaron kusan mutum ɗaya cikin goma ba tare da ta cutar da shi ba. Idan hunturu ya shigo, busasshiyar iska da ƙura sukan raunana lallausar fatar da ta lulluɓe hanci da maƙogwaro. Ta nan ƙwayar take kutsawa cikin jini, har ta kai ga tantanin da ya rufe ƙwaƙwalwa. Cunkoso a ɗakin da ba taga kuwa, irin na wasu makarantun kwana, shi yake sauƙaƙa mata tsallakawa daga wannan numfashi zuwa wancan.

A shekarar 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2011 ya karya lagon nau'in A, amma sai nau'in C ya ɓullo a Zamfara a ƙarshen 2016, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar.

Damina kuma da nata. Ambaliya irin wadda ta auka wa Gummi a 2024 takan kwashe ƙazantar masai ta zuba a rijiya, kwalara ta biyo baya. A nan ɗumi yana da hannu kai tsaye: a awon zafi 37, wato zafin jikin mutum, wasu ƙwayoyin cutar hanji sukan rabu biyu kowane minti 20. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa; cikin awa bakwai ƙwaya ɗaya ta haura miliyan biyu. Wannan lissafi ne yake sa ni ɗari-ɗari da furar da ta wuni a rana.

Malamin da ya ga ɗalibi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, kada ya jira wayewar gari. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya.